DILLALIYAR CIKIN WAYATA TA KUSA RABA NI DA MASOYINA

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, in ɗauki biro in ajiye, don kuwa ba ƙaramin abu ba ne mace ta fito ta tona wautarta da kanta. Amma da na tuna masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, sai na ce bari dai in daure in rubuto, ko Allah zai sa wata ta tsallake ramin da ni na faɗa.

Ni ce auta a gidanmu, a nan cikin birnin Kano. A shekarar 2023 na gama sakandare ina da shekara 19, kuma ranar da na rubuta takardata ta ƙarshe Abba ya cika mini alkawarin da ya daɗe da ɗauka, ya je kasuwar waya ta Farm Centre ya sayo mini babbar waya. Ba sabuwa ba ce fil, amma wallahi a daren nan ko barcin kirki ban yi ba don murna. Kafin sati ya zagayo ƙawayena sun buɗe mini shafi a duk inda ake yayi.

Ba a jima da haka ba Allah Ya haɗa ni da Malam Nasiru, abokin Yaya Sani. Malamin lissafi ne a wata makarantar firamare, da yamma kuma yana bin gidaje yana koya wa yara darasi. Mutum ne mai sanyin hali da kunya, ba shi da mota, wani tsohon babur gare shi wanda tun daga bakin layi nake gane ƙararsa, gabana ya riƙa faɗuwa don daɗi. Kafin shekara ta ƙare magabatansa sun zo, Abba ya ce ya ba shi, amma da sharaɗin sai na samu gurbin karatun aikin jinya sannan a sa rana. Malam bai ja ba, hasali ma shi ya sayo mini littattafan tsofaffin tambayoyin JAMB da kuɗin aljihunsa, ya kuma zana mini jadawalin karatu da hannunsa na manna a jikin bangon ɗakina.

Da farko ba abin da nake gani a wayar sai girke-girke da zanen lalle da 'yan abubuwan ban dariya. Ranar da al'amari ya fara sauyawa ina riƙe da ita kamar jiya. Wata ƙawata ce ta yi aure, aka sa bidiyon buɗe lefenta. Ina kwance da daddare na kalle shi daga farko har ƙarshe, na sake maido shi baya na ƙirga akwatunan, goma sha biyu cif. Na kuma kallo a karo na uku don in ƙirga atamfofin da lesusuwan. Da na gama na shiga wajen sharhi na karanta abin da mutane ke faɗi, sannan na tura wa wasu ƙawayena biyu.

Washegari da na buɗe waya sai ga wani lefen, na wata amarya da ban ma sani ba. Na kalla. Jibi suka zama uku. Kafin wata guda, ke dai bari, wayata ta koma tamkar gidan biki. In na ja yatsa sai kamu, in na sake ja sai dina, in na ƙara sai jeren amarya da kujerun da aka ce daga ƙasar waje aka shigo da su, sai ango yana miƙa wa amarya makullin mota ana guɗa. Daga nan aka shiga kawo mini masu tallar man ƙarin hasken fata, har na fara tsayawa gaban madubi ina jin haushin launin da Allah Ya yi ni da shi, ni da tun ina ƙarama Umma take kirana baƙa mai kyau. Bayan su kuma sai labaran maza mayaudara, wannan ta ce ya ci amanarta, waccan ta ce talaka in ya samu kuɗi kishiya zai fara yi miki. Waɗannan ba daɗinsu nake ji ba, raina ɓaci yake, amma sai na kalla har ƙarshe, wani lokacin ma in rubuta musu baƙar magana a ƙasa.

Ƙarfe biyun dare ya zama lokacin barcina. Datar da a da take kai mini wata sai ta riƙa ƙarewa a kwana goma, 'yan kuɗin da nake samu a cincin ɗin da nake yi na sayarwa duk can suke tafiya. Littattafan Malam kuwa ƙura ta rufe su. In Umma ta leƙo ta ce, "Auta, karatun ke nan?" sai in ce ai a waya nake yi. Allah Ya yafe mini wannan ƙarya.

Saura kwana kaɗan a fara azumin 2024 Malam ya zo zance. Tun daga sallamarsa na ji yana cikin farin ciki. Muka gaisa a zaure, ya gyara zama ya ce, "Ranki ya daɗe, albishirinki. Na kwashi adashena, na kuma yi magana da Yaya Hadiza za ta shiga Kantin Kwari ta fara haɗa kaya a hankali. Saiti ɗaya ne mai akwati huɗu, amma in sha Allahu ba za ki ji kunya ba."

Wallahi 'yan uwa ban san lokacin da na taɓe baki ba. Na ce, "Huɗu? Haba Malam, a wannan zamanin? Yanzu fa ko 'yar talaka ba a kai mata ƙasa da goma sha biyu. So kake a yi da ni a gari?"

Ya yi shiru har na fara tsarguwa. Can ya ɗago ya dube ni ya ce, "A ina kika ga haka?" Na ce, "Ko'ina. Kowa haka ake yi masa." Ya ce, "A layinku amare nawa aka yi bara, kuma nawa aka kai wa goma sha biyu?" Na rasa amsa, don na san babu ko ɗaya, amma girman kai ya hana ni saukowa, sai ma na ƙara da cewa ai dama an ce namiji in bai sha wahala a kanki ba ba zai san darajarki ba. Ya miƙe a hankali ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Abin da nake da shi ke nan, ba zan ci bashi in fara zama da ke a kan ƙarya ba. Ki yi tunani, ni ma zan yi." Ina ji ya tada babur ɗinsa, ƙarar tana nisa tana nisa har ta ɓace.

Azumi ya zo ya wuce ban sa shi a idona ba. Kayan sallah ma ƙanwarsa ya aiko ta kawo, ba ko 'yar takarda a ciki. Ni kuwa maimakon in nutsu sai na ƙara nitsewa cikin waya, ita kuma kamar ta san halin da nake ciki, sai ƙara turo mini masu cewa kada ki yarda ki yi arha take yi. Bayan ƙaramar sallah muka shiga JAMB. Na zauna gaban kwamfuta tambayoyin ilmin halittu suna kallona ina kallonsu. Da sakamako ya fito na samu 151 cikin 400. Umma ba ta yi mini faɗa ba, kallona kawai ta yi ta girgiza kai ta shige ɗaki, kuma wannan kallon ya fi mini bulala ciwo. Na kwana biyu ina kuka, ga karatu ya kuɓuce, ga masoyi ya yi nisa.

Ana cikin haka Anti Rabi, ƙanwar Umma, ta zo mana kwana biyu. Ita ilmin kwamfuta ta karanta a jami'a, kuma tun ina yarinya ba na iya ɓoye mata komai. Da daddare ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, na kwashe labari kaf na gaya mata. Da na zo kan maganar cewa kowa goma sha biyu ake kai masa, sai ta yi murmushi ta ce, "Miƙo wayarki, ungo tawa. Ki buɗe inda kika saba buɗewa."

Ikon Allah! Manhaja ɗaya ce, amma kamar an kai ni wata duniya. A wayar Anti babu lefe ko ɗaya. Sai masu koyar da ɗinki, sai wata likita tana bayani kan shayarwa, sai labaran ƙasa, sai masu dashen kayan miya a buhu. Ita kuma tana ta jan tawa tana salati. Ta ce, "Auta, kin ga abin da kike kira kowa? Ba kowa ba ne, wayarki ce kawai."

Na ce, "To Anti wa yake zaɓo mini?"

Ta ce, "Kin tuna dillaliyar da take zuwa gidan nan da ƙullin kaya muna yara? In ta baje kayanta ba bakinki take saurare ba, idonki da hannunki take kallo. In kika ɗauki leshi kika juya shi kika daɗe kina shafawa, ko da kin ce ba ki da kuɗi, ko da kushe shi kika yi, sati mai zuwa lesusuwa za ta ciko ƙullinta da su. To akwai irin wannan dillaliya a cikin wayar nan. Wani tsarin lissafi ne, masana suna ce masa algoridim. Ba ya gajiya, ba ya mantuwa, kuma bai san bambancin abin da ya faranta miki da abin da ya ƙona miki rai ba. Abin da ya sani shi ne a ina kika tsaya."

Daga nan ta warware mini zare da abawa. Ta ce ba haka abin yake tun asali ba. A 2006 Facebook ya fara jero wa mutum labaran abokansa a shafi guda. Instagram kuma da ya fito a 2010, hotuna bi da bi yake nunawa, na ƙarshen sakawa shi ne a sama, sai a 2016 ya koma jera su gwargwadon abin da lissafi ya nuna mutum zai fi tsayawa a kai. Ta ce a 2020 kamfanin TikTok da kansa ya yi bayanin yadda yake zaɓo bidiyo: yana duba abin da kika so, da abin da kika tura wa wasu, da wanda kika yi sharhi a kai, da waɗanda kike bi, kuma kallon dogon bidiyo daga farko har ƙarshe yana daga cikin alamomin da suka fi nauyi a wajensa. Ta ce, "Su da talla suke samun kuɗi, don haka daɗewarki a ciki ita ce ribarsu. Ke kuma kin kalli lefe sau uku a dare ɗaya, kin tura, kin karanta sharhi. Me kike so dillaliya ta kawo miki, littafin kimiyya?"

Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya. Na ce, "To in fasa wayar ke nan?" Ta ce, "A'a, wuƙa ba a jefar da ita don ta yanke ki. Dillaliyar za ki sake wa tarbiyya. Taso mu fara."

A daren nan muka yi aikin da zan so kowace 'yar uwa ta yi. Da farko muka buɗe jerin waɗanda nake bi. Na sha mamaki, sun haura 600, kuma fiye da rabi ban san ranar da na bi su ba. Anti ta ce kan kowane in tambayi kaina tambaya ɗaya: in na gama kallon wannan, sauƙi nake ji a raina ko ƙunci? Duk wanda amsar ta zama ƙunci na daina binsa. Masu tallar man bilicin da masu shafukan gulmar aure su suka fara tafiya.

Sai muka zo kan ƙawaye da 'yan uwa, inda na ce ina tsoron a ce na yanke zumunci. Ta nuna mini ashe akwai hanyar da ba sai an yi faɗa ba. A Facebook kina iya daina ganin abin da mutum yake sakawa alhali kuna nan a abokai, ko ki ɗage ganinsa na kwana 30, dabarar da suka fito da ita a 2017. A Instagram tun 2018 ana iya yi wa mutum shiru, wato ki daina ganin kayansa ba tare da an sanar da shi ba. Haka ma sitatus na WhatsApp, kina iya ɓoye na wanda yake tayar miki da hankali.

Na uku, ta koya mini in riƙa buɗe baki ina gaya wa dillaliya ba na so. A jikin kusan kowane hoto ko bidiyo akwai 'yan ɗigo uku, in kin taɓa za ki ga inda ake cewa ba ki da sha'awar wannan. A TikTok danne bidiyon za ki yi na ɗan lokaci zaɓin ya fito. A YouTube har kina iya cewa kada a ƙara kawo miki wata tasha gaba ɗaya, ki kuma goge tarihin abin da kika kalla. Akwai kuma wajen rubuta kalmomin da ba kya son gani, ni dai lefe da dina da kishiya na fara rubutawa. Ta ce a 2023 TikTok ya ƙara wani maɓalli da yake sabunta shafin zaɓaɓɓun bidiyo ya koma kamar yau kika buɗe, kuma a shekarar ne ya sa wa 'yan ƙasa da shekara 18 iyakar minti 60 a rana. Daga baya, a ƙarshen 2024, Instagram ma ya sanar da irin wannan maɓalli na share abin da ake ba mutum shawara a fara daga farko. Wurin da maɓallan suke yakan sauya in an sabunta manhaja, amma in kika shiga saituna kika bincika za ki same su.

Na huɗu, ta ce share ɗaki kaɗai ba ya isa, sai an zuba kaya masu kyau. Muka nemo malamai masu warware tambayoyin ilmin halittu da na sinadarai, da ma'aikatan jinya masu bayanin aikinsu, da masu koyar da gashin kek da cincin, na bi su, na kalli bidiyonsu har ƙarshe da gangan, na adana wasu. Ta nuna mini jerin na-gaban-goshi, wanda a Instagram ya zo a 2022 yana ɗaukar mutum 50, a Facebook kuma 30, don kayansu su riƙa zuwa a sama. Ta ce kada in cika shi da masu faɗa mini abin da nake son ji kawai, in sa kafar labarai ta ƙwarai ko guda biyu don in san abin da duniya take ciki.

Abu na ƙarshe shi ya fi wuya. Ta ce, "Duk abin da ba kya so, kada ki tsaya, kada ki yi sharhi ko na zagi ne, kada ki tura wa kowa don a taya ki jin haushi. Wuce kawai. Zaginki ma a wajenta ciniki ne." Sannan ta kashe mini ƙararrawar sanarwa, ta ce daga ƙarfe goma na dare wayar a ɗakin Umma za ta riƙa kwana.

Ba zan yi muku ƙarya in ce washegari komai ya gyaru ba. Sati na farko lefe bai daina leƙowa ba, kuma sau biyu ina zamewa in tsaya kallo, in wayi gari an ƙaro mini wasu. Sai da na yi kusan wata ina dannawa ina wucewa kafin shafina ya koma na ɗaliba. Har yau ma in na yi sake na 'yan kwanaki sai in ga tsofaffin baƙi sun fara dawowa, shi ya sa duk farkon wata nake zama in sake sharewa, kamar yadda ake yi wa ɗaki kwalema.

Da idona ya washe sai na fara ganin abin da ke gabana. Na ƙirga amaren layinmu da na danginmu, na ga mai akwati uku, mai huɗu, mai shida, kuma suna zaune lafiya a ɗakunansu. Wata rana na kai wa ƙawar nan tawa mai goma sha biyu ziyara, muna hira ta yi ajiyar zuciya ta ce biyar daga cikin akwatunan na yayar angon ne, aro aka yi don fita kunya, bayan biki da sati aka zo aka kwashe. Ban yi mata dariya ba, tausayinmu ni da ita ne ya kama ni. Ashe a kan akwatin aro na wulaƙanta mutumin da ya ƙi yi mini ƙarya.

Ban iya kiransa a waya ba don nauyi. Takarda na samu na rubuta da hannuna, na ba shi haƙuri, na gaya masa gaskiyar abin da ya faru da makin da na ci, na ba Yaya Sani ya kai masa. Kwana tara ba amsa, har na fidda rai. Ranar na goma bayan sallar isha ina wanke-wanke sai na ji ƙarar babur daga bakin layi. Kwanon da ke hannuna ya suɓuce, Umma ta dube ni ta kau da kai tana murmushi. Da na fita zaure ban iya ɗaga ido ba. Ya ce, "Na karanta. Ni ma na yi laifi da na yi fushi mai tsawo ban tsaya na fahimce ki ba. Amma akwatin nan dai huɗu ne." Na ce, "Ko biyu ne na karɓa, Malam." Ya miƙo mini sabon jadawalin karatu, ya ce wannan karon duk sati zai riƙa yi mini gwaji.

A 2025 na sake zama JAMB na samu 223, kuma Allah cikin ikonSa na samu gurbi a kwalejin koyon aikin jinya. Abba ya cika alkawari an sa rana. Amma shekara guda ta tafi ba za ta dawo ba, 'yan ajinmu da muka gama tare suna gabana da aji ɗaya, kuma duk sanda na gan su nakan tuna da dararen da na ɓata ina ƙirga atamfar mutane.

Don haka ƙanwata mai karatu, yau da daddare ki buɗe wayarki ki ja sau goma, ki rubuta abin da kika gani a takarda. Sannan ki karɓi wayar yayarki ko ta Ummanki ki yi haka, ki gwada su. In abin da ke takardarki ba shi kike so ki zama ba, kada ki jira sai kin faɗi jarrabawa ko kin ɓata da mai ƙaunarki kamar yadda na yi. Ki zauna da dillaliyarki ki gaya mata abin da za ta riƙa shigo miki da shi ɗaki.

Allah Ya ba mu sa'a, Ya haɗa kowa da rabonta na alheri, amin.

Taku har kullum,
Autar Umma, daga Kano.